Ƙungiyoyin Ƴan Kasuwa: Lokaci Ya Yi Da Za A Buɗe Wa Mambobi Makaranta Cikin Salula

 

Yau ina so in taɓo wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Zan fara da wani abin da ya faru a gaban idona, ko in ce a cikin kunnena, tun da aikina ke nan, sauraren jama'a a gidan rediyonmu na karkara. A ƙarshen watan Janairun 2023, muna cikin shirin da muke buɗe layi ga masu saurare, wani dattijo mai fataucin dabbobi ya bugo. Ya kai shanu Maigatari ranar Alhamis, an biya shi da tsofaffin takardun naira, ya dawo gida sai ya tarar da labari ya game gari cewa daga 31 ga wata kuɗin sun mutu. Ba shi da ajiya a wani banki na Najeriya. Tambayarsa ɗaya ce: "Malam, gaskiya ne, ko ƙarya?" Na gaya masa abin da na sani a lokacin, amma kafin gari ya waye ya riga ya kai kuɗin wajen ƴan canji, sun karɓa da mummunan ragi. Ba a jima ba aka ƙara wa'adin zuwa 10 ga Fabrairu. Ranar 3 ga Maris Kotun Ƙolin Najeriya ta ce tsofaffin takardun 200 da 500 da 1000 su ci gaba da aiki har ƙarshen shekara, a watan Nuwamba kuma ta cire wa'adin baki ɗaya. Ribar shanunsa dai ta riga ta tafi.

Wannan dattijo ɗan ƙungiya ne. Yana da kati, yana biyan kuɗin wata, ba ya fashin taro. Amma a ranar da ya fi bukatar ƙungiyarsa, ba ta da wata hanya da za ta kai masa sahihin bayani, ba ta kuma taɓa koya masa abin da mutum zai yi idan an canza takardun kuɗi ba. Wannan shi ne dalilin rubutuna.

Mu dubi abin da ya same mu cikin ƴan shekarun nan. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. Sai a Disamban 2020 ta buɗe Illela da Maigatari, Jibiya da Kamba kuwa sai Afrilun 2022. A ƙarshen Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur a Najeriya, a watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi, iyaka ta sake rufewa har zuwa Maris na 2024. A Oktoban 2024 hukumomin Nijar suka hana fitar da shinkafa da gero da dawa da masara da wake zuwa waje, in ban da Mali da Burkina Faso. Ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar ƙasashen AES uku daga CEDEAO ta tabbata, a ƙarshen Maris na wannan shekarar kuma aka ba da sanarwar sabon haraji na kashi 0.5 cikin ɗari kan kayan da ke shigowa daga wajen ƙawancen, tare da wasu kayan da aka keɓe. Ba ina nan don in yanke hukunci kan waɗannan matakai ba ne, kowace gwamnati da dalilanta. Abin da nake nunawa shi ne, dokar kasuwar bakin iyaka tana sauyawa fiye da yadda ɗan kasuwa zai iya bi da jin-ta-jin-ta. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sauye-sauye ya cinye jarin wani, kuma galibi wanda bai sani ba ne ya fi shan wuya. Hausawa dai sun ce rashin sani ya fi dare duhu.

Ban raina aikin ƙungiyoyinmu ba. Sandikar ƴan kasuwa, ƙungiyar masu albasa, ta dillalan dabbobi, ta masu hatsi, ta ƴan canji, ta mata masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, duk suna ƙoƙari. Su ke sasanta rikicin bashi, su ke zuwa beli idan an kama ɗan uwa, su ke tara gudummawa idan gobara ta tashi a kasuwa ko an yi rasuwa. Sai dai duk wannan magani ne bayan ciwo ya kama. Ta fannin ilmantar da mambobi kuwa, abin da aka saba shi ne wata ƙungiyar waje ta kira taron horo na kwana biyu a wani otal, a gayyaci mutum ashirin ko talatin, a yi bayani da Faransanci, a raba kuɗin zama, a ɗauki hoto a watse. Kuma kowa ya sani, fuskokin da suka je bara su ne za su je bana. Sauran ɗaruruwan mambobi, waɗanda ranar Lahadi suna Jibiya, Laraba suna Ƙonni, Alhamis suna Maigatari, babu abin da ke isa gare su. Mutumin da abincinsa ke kan hanya ba zai rufe rumfa kwana biyu don ya zauna a aji ba, kuma bai yi laifi ba.

Shawarata ita ce kowace ƙungiya mai ƙarfi ta mallaki dandalin koyarwa ta intanet. Kada sunan ya ba ku tsoro. Ma'anarsa makaranta ce da ke zaune cikin salula. Ƙungiya ce ke da ita. Mamba zai shiga da lambar tarhonsa, ya tarar da darussa a jere, na ɗaya, na biyu, na uku, kowanne da murya cikin Hausa, minti uku zuwa biyar, wani da hoton takardar da ake magana a kai. Idan ya gama saurare sai a yi masa tambayoyi biyu ko uku, ya danna amsa, don a tabbatar ya fahimta. Zai iya saurare a tasha yana jiran lodi, ko bayan sallar isha'i, zai iya maimaitawa sau goma ba wanda zai ce ya cika tambaya. A can ɓangaren kuma magatakardan ƙungiya yana ganin mutum nawa suka saurari darasi kaza, kuma wace tambaya ce ta fi kayar da mutane, sai a san inda za a ƙara bayani. Irin wannan manhaja ba sai an ƙera ta daga farko ba. Akwai wadda ake kira Moodle, wadda ta fito tun 2002, kyauta ce, jami'o'i da ƙungiyoyi a ƙasashe da dama da ita suke koyarwa, kuma tana da manhajar salula da ke barin mutum ya sauke darasi ya saurara ko babu rezo.

Na san abin da wani zai fara cewa: "Ai muna da guruf na WhatsApp." Gaskiya ne, ni ma ina cikin irinsu da yawa. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, mene ne a ciki? Gaisuwar Juma'a, tallar kaya, sanarwar ɗaurin aure, da muryoyin da ba a san wanda ya yi su ba, ba a san ranar da aka yi su ba. Na sha jin murya tana yawo cewa an buɗe iyaka, alhali tun shekara biyu da suka wuce aka ɗauke ta. Bayani mai amfani idan ya shigo da safe, kafin azahar saƙonni ɗari sun binne shi. Wanda ya shiga ƙungiya yau kuma ba zai ga abin da aka koyar jiya ba. Guruf kamar bakin kasuwa ne, kowa da abin da yake faɗi. Dandalin koyarwa kuwa kowane darasi yana da kwanan wata, yana da sunan wanda ya ɗauki alhakinsa, kuma ranar da doka ta sauya sai a cire tsohon a sa sabo. A bar WhatsApp ya yi aikin sanƙira, ya riƙa shelar cewa sabon darasi ya fito.

Wani kuma zai ce yawancinmu ba mu yi lakwal ba. Haka ne, a Nijar manyan da suka iya karatu da rubutun boko ba su kai huɗu cikin goma ba. To amma wane ne a cikinmu bai iya tura murya ba? Wane ne bai iya duba kuɗin da aka aiko masa ta salula ba? Kuma an riga an gwada wannan abu a ƙasar nan. Wata malamar jami'a Ba'amurkiya mai suna Jenny Aker ta bi kasuwannin hatsin Nijar tsakanin 2001 da 2006, lokacin da salula ke shigowa, ta gano cewa bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, saboda ƴan kasuwa sun samu hanyar tambayar farashi kafin su ɗauki hanya. Daga 2009 kuma aka gudanar da wani shirin yaƙi da jahilci mai suna ABC a ƙauyukan jihohin Dosso da Damagaram, inda aka haɗa wa wasu ajujuwa koyon aiki da salula, kuma waɗannan ɗalibai sun fi sauran cin jarrabawar rubutu da lissafi. Manya ne, maza da mata, irin iyayenmu. Haka nan RECA, wato haɗakar majalisun manoma ta ƙasa, ta daɗe tana amsa tambayoyin manoma ta tarho da saƙon murya cikin Hausa da Zabarmanci. Idan manomi a gonarsa zai ɗauki hoton ganyen tumatir ya aika a gaya masa cutar da ta kama shi, me zai hana ɗan kasuwa ya koyi cika takardar duwan ta wannan hanya?

Akwai kuma abokan aikina da za su ce, to rediyon fa? Ni ɗan rediyo ne, da shi nake ci, ba zan rushe gidanmu ba. Amma na fi kowa sanin iyakarsa. Magana a rediyo iska ce, in ta wuce ta wuce. Wanda ke cikin ciniki lokacin da muke bayani ya rasa ke nan. Na'urarmu ba ta kai ko'ina ba, ɗan kasuwar da ya tafi Dawanau ko Lome ya fita daga inda muryarmu ke isa. Kuma ba ni da hanyar nuna wa mai saurare yadda hatimin gaskiya yake da yadda na jabu yake. Abin da ya dace shi ne a haɗa hannu: gidajen rediyon karkara suna da ɗakin ɗaukar murya da mutanen da suka iya sarrafa Hausa, su shirya darussan, a watsa su a iska, sannan a ajiye su a dandali inda za su dawwama.

To me za a koyar? Ba sai an je nesa ba, tambayoyin da ake bugo mana kullum sun isa manhaja.

Na farko, takardu. Mece ce lambar NIF, mece ce rajistar RCCM, a ina ake yin su, me ya bambanta patanti da kuɗin rumfa da ake biyan ma'aikatar magajin gari? Wace takarda ake bukata kafin a tsallaka da dabbobi, wace ce ta albasa ko aya? Wane kaya ne aka hana fitarwa a wannan wata? Wane kuɗi ne doka ta ce a biya, kuma wane rasiɗi ya kamata a ba ka? Mutumin da ya san abin da ke kansa da abin da ba ya kansa, tsayuwarsa a gaban shinge daban take.

Na biyu, lissafin canji. Ga misali, kuma misali ne kawai. Ka sayi buhu a kan jika 20 lokacin da jika ɗaya take naira 2,000, wato buhun ya tsaya maka naira 40,000. Ka sayar da shi naira 46,000 bashi, kana murna ka ci ribar 6,000. Ranar da aka biya ka, jika ta koma naira 2,400. Idan ka canza kuɗinka za ka samu jika 19 da ƴan kai. Ka faɗi ke nan, tun ba a sa kuɗin mota da na ɗan dako ba. Sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, naira kuwa tana hawa tana sauka. Mutane nawa ne jarinsu ya narke ta wannan hanya suna ɗora laifi a kan sammu?

Na uku, rubuta shiga da fita da bashi. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take magana, amma da yawa daga cikin shari'un da shugabannin kasuwa ke yi na bashin da ba a rubuta ba ne. A nuna wa mutum yadda zai riƙe littafi, ko da ajami ne, da yadda zai raba kuɗin kasuwa da na cefane, da yadda zai fitar da zakkar kayan sayarwa.

Na huɗu, damfara. Saƙon banki na ƙarya da ake nuna wa mai kaya a ce an tura kuɗi, masu bugo waya su ce daga kamfani suke a ba su lambar sirri, da masu alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda. An ga yadda MMM ta tafi da dukiyar jama'a a Najeriya a ƙarshen 2016, an sake ganin irinta da CBEX a Afrilun 2025. Darasin minti huɗu zai iya tsare jarin shekara ashirin.

Na biyar, adana kaya. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki. Alhali akwai buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda ke kashe ƙwaron wake ta hanyar hana shi iska, ba tare da an zuba guba ba, in dai an ɗaure shi yadda ya kamata. Yadda ake ɗaurewar nan, hoton bidiyo na minti biyu ya wadatar.

Sai maganar kuɗi, wadda na san ita ce za a fi kafa hujja da ita. A ce ƙungiya tana da mambobi 500, kowa ya ƙara dala ashirin a wata, wato sefa 100. Jika 50 ke nan a wata, jika 600 a shekara. Ban ce wannan zai yi komai da komai ba, amma zai biya wurin ajiyar darussa a intanet, ya ba wani matashi ɗan kasuwa mai ilimin kwamfuta ɗan alawus, ya kuma biya kuɗin ɗaukar murya. Ku kwatanta da abin da ake kashewa wajen tarbar baƙi, da buga kalanda mai hotunan shugabanni, da hidimar zaɓen ƙungiya. Waɗanda ba su da babbar salula ko kuɗin mega kuma ba za a bar su a baya ba: a ofishin ƙungiya a riƙa zuba musu darussan a memori, ko yaran shago su tura musu daga waya zuwa waya, kamar dai yadda ake yi da wa'azi da waƙoƙi. Mata ma, waɗanda da yawansu daga cikin gida suke sana'a kuma ba a kiransu taron otal, wannan ce hanyar da ilimin zai same su har ɗaki.

Amma ina da gargaɗi, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Da zarar wannan magana ta karɓu, ƴan kwangila za su ɓullo da manyan jakunkuna, su ce a ba su miliyoyi su gina dandali. Kada a yarda. A fara da darussa goma masu kyau, a gwada su a kan mutum hamsin, a ji ƙorafinsu, a gyara. Mabuɗin dandalin kuma ya kasance a hannun ƙungiya, a rubuce cikin kundinta, mutum uku su san shi, kada ya zama na wani yaro ɗaya da in ya yi fushi ko ya tafi ci-rani makaranta ta rufe. Sunaye da lambobin mambobi amana ce, ba za a miƙa su ga ɗan siyasa ko mai talla ba. Kowane darasi da ya shafi doka, kafin a sake shi, a kai wa wanda abin ya shafa ya saurara, ko jami'in duwan ne, ko na lanho, ko na Majalisar Ƴan Kasuwa da Masana'antu ta ƙasa, domin darasin da ke ɗauke da kuskure ya fi rashin darasi illa. Kuma a bayyana tun farko cewa wannan makaranta ba ta koyar da fasa-ƙwauri, hanyar bin doka ba tare da an cuce ka ba take koyarwa.

Akwai wata gaskiya mai ɗaci da ba zan rufe ba tare da na faɗe ta ba. A kowace kasuwa akwai masu cin abinci da jahilcin ƴan uwansu. Akwai wanda ya san kuɗin takarda jika biyu ne, ya ce maka biyar. Akwai shugaban da idan sanarwa ta zo daga hukuma sai ya sa ta a aljihu har ya gama sayar da nasa kayan. Irin waɗannan ba za su so wannan shawara ba, kuma ba za su fito su ce ba sa so ba, sai dai su ce lokaci bai yi ba, ko mutanenmu ba za su gane ba. Shugaba na gari kuwa zai gane cewa mamban da ya amfana shi ke biyan kuɗin wata ba tare da an bi shi ba, kuma ƙungiyar da mambobinta suka san doka ita hukuma ke saurara idan ta yi magana.

Duniya ba za ta jira mu ba. Tun Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Katsina da Jibiya har Maraɗi. Yarjejeniyar kasuwar bai-ɗaya ta Afirka, wadda aka buɗe matakin aiwatar da ita a Yamai cikin Yulin 2019, takardun shaidar asalin kaya take nema. Aikin duwan a ɓangarorin biyu sai ƙara komawa kwamfuta yake yi. Idan muka tsaya, manyan kamfanoni masu lauyoyi da akantoci za su kwashe cinikin da kakanninmu suka gina da jakuna da raƙuma, mu koma ƴan dakonsu. A ɗaya gefen kuma, kundin da Nijar ta amince da shi a Maris na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa. Wannan dama ce ta mu nemi kowace sanarwar kasuwanci ta zo mana da harshen da muke ciniki da shi, mu kuma mu tanadi inda za mu ajiye ta.

Saboda haka, ɗan uwa, a taronku na gaba, bayan an karanta kuɗin da ya shiga da wanda ya fita, ka ɗaga hannu cikin ladabi ka tambayi shugabanni: a cikin wannan kuɗi, nawa aka kashe wajen ilmantar da mu? Idan gobe aka wayi gari da sabuwar doka, ta wace hanya za ta iso gare ni kafin in yi lodi? Idan ba a samu amsa ba, ka kawo shawarar a kafa kwamitin mutum biyar, da dattijo, da mace, da matashi mai ilimin zamani a cikinsu, a ba su wata uku su kawo darussan farko. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma da tsohuwar zuma ake magani: dattawa su kawo sanin kasuwa, yara su kawo sanin na'ura.

Dattijon nan mai shanu har yanzu yana bugo mana waya lokaci zuwa lokaci, kuma har yanzu yana biyan kuɗin ƙungiya. Ina fatan ranar da wani sauyin zai sake zuwa, ba sai ya jira layin rediyo ya shiga ba.

Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya tsare mana dukiyoyinmu, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Amin.